Injin Huɗar da Saimon Ya Bari

Bana ruwa ya ɗauke mana da wuri. Dawa ta yi ciki ta tsaya, ba ta fitar da kai ba, ganyen masara kuma tun hantsi yake nannaɗewa. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida hadari ya taso ta gabas, ya yi baƙi a kan duwatsun Kazaure har mata suka fara kwashe shanya, sannan iska ta zo ta watsa shi, ko ɗigo bai sauka ba. Ana cikin haka na jiyo ƙarar injin huɗa daga wajen fadama, ƙaramin nan da ake riƙewa da hannu biyu ana binsa a baya. Mai shi ya sa giya, ta yi gurnani kafin ta shiga. Na ce a raina, haƙorin giya ya fara cinyewa. Daga nan ban ƙara fahimtar hirar da ake yi a gefena ba, don hankalina ya riga ya koma shekarar fari.

Yau irin wannan inji ba abin kallo ba ne. In ya lalace da safe, kafin la'asar ɗan acaɓa ya kawo maka kayan gyaransa. A zamanin da nake faɗa, guda ɗaya na sani a garin nan, kuma ba nawa ba ne. Na Saimon ne.

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri, sunana Haladu. Saimon kuwa Ibo ne, makaniki, ya zo Kazaure tun kafin a ba mu mulkin kai. Mutane Saminu suke ce masa, yana amsawa. Rumfa ɗaya muka raba a bakin kasuwa, ni da zuga-zugi da guduma a gefe ɗaya, shi da sifanu da gwangwanayen noti a ɗaya gefen. Sa'anni ne mu. Abin da ya gagari sifana sai ya miƙo mini in sa a wuta, abin da ya gagari wuta in miƙa masa. Hausa ta zauna a bakinsa sosai, sai dai har muka rabu bai iya cewa ƙarfe ba, karfe yake cewa.

Injin ya saye shi ne a hannun wani Bature ma'aikacin gona da zai koma ƙasarsu. Da rani yakan huɗa wa masu lambu da shi. Ya yi shekaru yana haka, sai wata rana wuƙaƙen injin suka ci karo da dutse a cikin ƙasa, giya ta fashe. Saimon ya sauke akwatin giyar, ya kwance shi, duk abin da ya cire sai ya zura shi a wata doguwar waya bisa jerin da ya fito. Yana tsakiyar wannan aiki ƙasa ta rikice.

Labari ya riƙa zuwa a bakin direbobi cewa ana farautar mutanen Gabas irin su Saimon a birane. Ni dai ban ga an taɓa kowa a unguwarmu ba, amma na ga yadda kallo ya sauya a kasuwa. Matarsa da 'ya'yansa ya riga ya tura su gida. Wata safiya ya shigo rumfa da ɗan akwatinsa, ya murɗe bakin wayar nan, ya rataye ta a ɗakin ajiyarmu na baya.

Ya ce, "Haladu, kada kowa ya kwance wannan. In aka hargitsa su, ni kaina sai na sha wuya."

Na ce to.

Ya tsaya yana juya hularsa a hannu. "Motar Malam Sabo za ta Kano yanzu. Ka raka ni har tashar jirgin Kano mana. In an tambaya ka ce tare muke aiki. Gobe ka dawo."

Na ce masa Inna ba ta da lafiya, ba mai zama da ita. Inna mahaifiyata lafiyarta ƙalau, a lokacin ma tana tsakar gida tana kaɗi. Tsoro ne kawai. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Ka gaishe ta." Ya ba ni hannu ya fita. Ko tashar mota ban raka shi ba.

Ba wasiƙa, ba saƙo. Aka yi yaƙi aka gama, wasu mutanensu suka dawo suka buɗe shagunansu. Na tambayi duk wanda na gani, ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Malam Sabo direba kuwa, wanda ya ɗauke shi, a sahu ɗaya muke sallar Juma'a, amma ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba. Ɗakin ajiya na sa masa kwaɗo na daina shiga.

Bayan wajen shekara bakwai fari ya zo. A rediyo ana ta zancen arzikin man fetur, sababbin motoci suna wucewa ta hanyar Daura, amma sama ta riƙe ruwanta. Daminar farko ta yi rowa, muka cinye tsohon rumbu. Ta biyu sau uku muka yi shuka. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, wanda ya yi zangarniya in ka murza a tafin hannu ƙaiƙayi kawai za ka samu. Gyaɗa aka tona, kwanso ba 'ya'ya. Fulani suka riƙa gangarowa daga wajen Babura da shanun da kake ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Mutanen Nijar suka biyo baya da jakuna da tabarmi, wasu har tukunyar girkinsu suke sayarwa. In ka bi hanyar Gwiwa sai ka toshe hanci saboda warin mushe.

Yayana Mati shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Yana da bijimai biyu na huɗa. Ɗaya ya kwanta a turke bai ƙara tashi ba, ɗayan aka yanka shi kafin ya bi ɗan'uwansa. Mu goma sha huɗu muke ci a tukunya ɗaya. Matata Dije da matar Yaya sukan fita tun da sanyin safiya su yo tafasa da rama da duk ganyen da akuya ke ci ba ta mutu ba, a dafa, a kwaɗa da dusa. Akwai ranar da Dije ta dawo zanenta duk jar ƙasa. Ashe gidan tururuwa suka tona don hatsin da ke ciki. Ta sheƙe, ta wanke, aka yi wa yara kunu da shi.

A haka watan azumi ya kama, daidai lokacin da ya kamata a ce ana yankan gero. Zafin ƙarshen damina ne, mai nauyi, ba iska. Ta wajen abinci azumin bai sauya mana komai ba, da ma ba a ci da rana. Ƙishirwa ce ta ƙaru.

Abu ɗaya ya rage mana, fadama, inda ɗan ruwan da aka samu ya kwanta. Ruwan yana janyewa yana barin baƙar laka mai danshi a ƙarƙashi. In aka fasa ta da wuri aka sa dankali da masara da kabewa, aka haƙa gajerun rijiyoyi, za a sami abin kaiwa baki kafin bazara. In aka bar ta mako biyu, ta zama dutse. Yaya Mati ya kira gayya, mutum takwas suka zo da garma. Kafin azahar biyu sun zauna sun kasa tashi, abin da aka huɗa bai fi faɗin tsakar gida ba.

Ranar, bayan mun sha ruwa, Yaya ya ce, "Haladu, injin nan na Saminu yana nan?"

"Yana nan, Yaya. Amma ajiya ce."

"Na san ajiya ce."

"Cewa ya yi kada a kwance."

Sai ya nuna mini Inna da haɓa. Tana jingine da bango, ta tura wa jikokinta ƙoƙon kununta ta ce ita ta ƙoshi. Ya ce, "Gobe ka buɗe ɗakin nan. In ya dawo, ni zan ba shi haƙuri."

Da safe na fasa kwaɗon, don makullin ya daɗe da ɓata. Warin tsohon baƙin mai ya tare ni, irin warin rigarsa. Injin yana lulluɓe da buhu, wayar tana rataye inda ya bar ta, zanzaro ya yi gida a tsakanin haƙoran giya. Na sauke ta na kama bakin zan warware, sai ta ƙara tamkewa. Na sake, ta ƙara. Sannan na tuna Saimon bahago ne, murɗinsa ba irin namu ba ne. Na juya hannuna ta wajen da nasa ya bi, ta buɗe cikin sauƙi. Na daɗe a tsugune kafin in taɓa wani abu.

Kananzir ɗin fitilar gidanmu na juye a tsohuwar tasa, na wanke su ɗaya bayan ɗaya, na jera a kan buhu yadda suka fito. Manya da ƙananan giya, sanduna biyu da suke hawa a kai, washoshi, wato ƙananan zobban ƙarfe da ake sawa a tsakani, da wani ƙarfe mai yatsu biyu da ke tura giya gaba da baya. Ɓarna biyu na gani. Babbar giya ta zubar da haƙora biyu a jere. Boris ɗin da sanda ke juyawa a cikinsa kuma ya tarwatse, ƙwallayensa na same su a cikin gwangwanin tumatir a kan taga.

Da na ɗaga babbar giyar a hasken rana sai na ga ashe ya fara aikin. Gurbin haƙori na farko ya goge shi ya yanke masa rami mai faɗi a ƙasa, ƙunci a sama, yadda in an cusa sabo ba zai fita ba. Na biyu ya kai rabi ya tsaya. Magagarin yana nan a gefe. Kana ganin sawun gugarsa, duk daga hagu yake tafiya.

Daga inda ya tsaya na ɗora. Na ƙarasa ramin na biyu. Na yanko ƙarfen tsohon sifirin mota, na sa a wuta, na ƙera haƙora biyu na cusa. Sai abin da zan liƙe su da shi. Dije ta cire munduwar tagulla da ta zo da ita gidan aure ta ajiye mini a kan maƙera. Na narkar da ita, ta bi ramukan ta kama. Sannan na yanki gwangwani na fitar da siffar lafiyayyen haƙori, na shiga guga ina gwadawa.

Kwana uku na yi ina gugar haƙora biyu. Da safe hannu yana bin umarni. Daga hantsi gumi ya yi ta zuba a kan ƙarfen, zuwa azahar gumin ya ƙafe, harshe ya zama kamar busasshiyar fata. A irin wannan lokaci ne nake jin muryarsa. Ba wata magana ba ce mai yawa, abin da ya saba faɗa mini ne in ina aiki: "Ya isa, Haladu, gwada tukuna." Sau biyu na waiwaya wajen kujerarsa. Na san yunwa ce. Amma duk lokacin da na ji, na tsaya na gwada, kuma sai in tarar da na ƙara guga ɗaya da na ɓata.

Boris kuwa ba ya ƙeruwa a maƙera, sai Kano. Dole na je tasha wurin Malam Sabo. Tun tafiyar Saimon ban taɓa tsayawa kusa da motarsa ba. Na gaishe shi, na miƙa masa fasasshen zoben boris ɗin.

Ya juya shi a hannu ya ce, "Na wane inji ne?"

"Na Saminu ne, Malam."

Ya daɗe yana kallon zoben kafin ya sa a aljihu. Bayan kwana biyu ya zo rumfa da kansa da wani boris na hannu mai kyau, da galan na fetur, da kwalbar man giya da ya tsiyayo daga motarsa. Ya ajiye a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce, "In ya tashi a sanar da ni."

Duk wannan lokaci, kullum da la'asar Yaya Mati yakan biyo daga fadama da dunƙulen laka ya ajiye mini a kan benci ya wuce. Na ranar farko yatsa yana shiga. Na rana ta biyar sai da ƙarfi yake ɓarewa. Bai taɓa ce mini in yi sauri ba.

Rana ta bakwai na haɗa. Na yanki kwali na buga shi a bakin akwatin da ƙaramar guduma don kada mai ya zuba, na ɗaure notuna, na juya sanda da hannu. Ta yi rabin zagaye ta cije. Na duba buhu, ga washa ɗaya kwance, ban san gurbinta ba. Wajen wankewa na hargitsa jerin ban sani ba. Na kwance na sake haɗawa, ta sake cijewa. Ran nan da Yaya ya ajiye dunƙulen, ya gangaro daga benci ya faɗi ƙasa bai fashe ba. Muka dube shi mu biyu. Na zauna a ƙasa na haɗa kai da gwiwa.

Washegari na fito da su duka waje na goge kowace da tsumma, ina juya su a rana don ban san abin da zan yi ba. A nan na ga ɗigo-ɗigon. A gefen kowace giya an buga ƙaramar alama da tsinin ƙusa: wannan ɗigo ɗaya, abokiyarta ɗigo ɗaya, waccan biyu, abokiyarta biyu. Har washar nan tana da uku, ga kuma uku a bayan ƙaramar giya. Ashe giya ɗaya na juya mata baya. Saimon ko ido rufe zai iya haɗa akwatin nan, ga kuma jerin waya da ya yi. Ba ya bukatar alama. Har yau ban san ko don wa ya buga su ba, ban kuma san ko ya buga su ne bayan labarin rikicin ya fara zuwa ba.

Na bi ɗigon na haɗa. Sanda ta juya sumul. Na zuba mai, na mayar da akwatin jikin inji, na kankare fulogi, na naɗe igiya na ja. A ja na goma sha wani abu, injin ya yi tari, ya fitar da hayaƙi, ya kama. Na sa giya, ta shiga ba gardama.

Muka tura shi fadama da sassafe. Saman lakar ya tsattsage har ƙafa tana faɗawa. Wuƙaƙen suka yi tsalle sau biyu, sannan suka nutse, baƙar ƙasa mai danshi ta juyo sama. Ƙamshinta ya tashi kamar na ruwan farkon damina. Mutanen da suka taru suka matso kusa. Yaya Mati ya tsuguna ya damƙi ƙasar ya kai hanci.

Daga ranar, tun an idar da sallar asuba nake kama hannun injin har rana ta take. Na huɗa namu, na huɗa na maƙwabta, mata suna biye suna dasa yaɗon dankali. Girgizar injin takan bi hannu ta hau har kai, sai in ga fadama tana juyawa, wani ya karɓe ni in zauna. Gefen tudu ya riga ya bushe, muka bar shi.

Malam Sabo yana da ɗan fili a ƙarshen fadamar, shi ne na ƙarshe da na shiga, ana saura kwana biyu salla. Muka kai rabi inji ya yi zafi, na kashe, muka zauna a inuwar giginya.

Ya ce, "Haladu, ba ka taɓa tambayata ba."

"Ban taɓa ba, Malam."

"Shekara da shekaru ina jiran ka tambaya, ina kuma roƙon Allah kada ka tambaya." Ya tsinki ciyawa yana karyawa. "Ba mu kai Kano ba aka tare mu. An gitta itace a hanya. Mutane ne da sanduna, ban san ko ɗaya ba. Aka ce kowa ya sauko. Mutanen Gabas uku ne a motar. Ɗaya yana tare da wani dattijo mai fataucin fata. Dattijon ya riƙe hannunsa ya ce, wannan nawa ne, a gidana yake, sai dai ku haɗa da ni. Suka dube shi suka bar su suka hau. Saminu da ɗayan aka tsayar a gefe."

Na ji kunnena ya toshe kamar injin yana aiki.

Ya ce, "Ni ma na san shi. Sau nawa ya kwanta ƙarƙashin motar nan ya tayar mini da ita. Aka ce direba ja, na ja."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Akwatinsa yana hannunsa. Na gan shi a madubi yana tsaye a gindin wata bishiya, yana kallon motar, har na sha kwana."

"Daga nan fa?"

"Daga nan ban sani ba. Washegari da na dawo ba kowa a wurin, an janye itacen. Wataƙila sun sake su. Ban sani ba." Ya zubar da ciyawar. "In kana so, wata rana in nuna maka wurin."

 Ban gaya masa abin da Saimon ya roƙe ni a rumfa ba. Na tashi na taɓa injin, ya huce. Na naɗe igiya na ja, na ƙarasa masa filinsa.

Dankalin ya yi. Tun kafin ya nuna muka fara cin ganyensa, kabewa ta biyo, sannan masara. Yaran gidanmu duk sun ga damina ta gaba, ita kuwa ta zo da ruwa. Inna ce ba ta kai ba, ta rasu mako uku bayan salla. Injin ya yi mana wasu shekaru, har manyan taraktoci suka shigo, jikinsa ya tsage aka kasa samun irinsa. Haƙoran nan biyu ba su taɓa karyewa ba.

Malam Sabo ya rasu ban ce ya nuna mini wurin ba. Na sha yin niyya, in na gan shi sai in gaishe shi in wuce. Hanyar Kano an faɗaɗa ta, an sare bishiyoyi da yawa, gidaje sun cinye gonakin da ke bakinta. Yanzu ina binta duk wata don ganin likitan ido. 'Ya'yana suna cewa in jingina in huta, ni kuwa ba na iya runtsawa a hanyar nan. Ban san a wane hannu bishiyar take ba. Shi ya sa in za mu tafi nake roƙon a bar mini bakin taga ta dama, in za mu dawo ma haka.